Muhammadu al-Kashinawi: malamin lissafi na Katsina da ya rasu a Masar

A shekara ta 1154 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1741, wani malami baƙo ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan malaman Azhar na wancan zamani. Kafin ya cika, ya naɗa mai gidan wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Mai gidan ya yi masa sutura, ya binne shi a maƙabartar Mujawirin, a sashen da ake kira Lambun Malamai, sannan ya gina alama a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Sunan mamacin Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wato Bafulatani mutumin Katsina.

Yau fiye da shekara 280 ke nan da rasuwarsa, kuma akwai dalilin da ya sa ya kamata a tuna da shi a wannan lokaci. Manyan kamfanonin kwamfuta na duniya sun fara waiwayar wata tsohuwar hanya ta lissafi da aka daɗe da jinginewa, saboda wutar lantarkin da ƙirƙirarriyar basira, wadda ake taƙaitawa da IA ko AI, ke sha ta yi yawa. Turawa na kiran wannan hanya analog. A Hausa ana iya ce mata lissafin awo. Wani reshe nata na cikin ilimin da al-Kashinawi ya koya tun yana ƙasar Hausa, kuma gidan da ya rasu a ciki gida ne na masu wannan sana'a.

Ƙidaya da awo

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dole ta Damagaram ya ga lissafi iri biyu. Mai goro ƙidaya yake yi, ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ɗari. Mai hatsi kuwa ba ya ƙirga ƙwayar gero, tiya yake cikawa ya juye. Na farko ba ya kuskure ko da ƙwaya ɗaya, amma yana cin lokaci. Na biyu yana da sauri ƙwarai, sai dai tiyar wani takan ɗara ta wani, kuma hannun wani ya fi na wani nauyi.

Kwamfutar da muka sani da wayar salula duk masu ƙidaya ne. Komai sai sun mayar da shi lamba, sifili da ɗaya, sannan su ƙirga. Na'urar lissafin awo kuwa tana barin wani abu na zahiri ya yi lissafin da kansa, kamar tsawon inuwa, ko nauyin dutse a kan sikeli, ko ƙarfin wutar da ke bin waya. Ba a ƙirga amsa, aunawa ake yi a karanta. Al-Kashinawi ya riƙe hanyoyin nan biyu tare.

Tasowarsa a ƙasar Katsina

A ƙarshen sunansa akwai nasaba zuwa Ɗan Ranko, wani gari na ƙasar Katsina da ya yi suna wajen fatauci. Katsinar da ya tashi a cikinta, a farkon ƙarni na 18, birni ne da ayarin Agadas da na Ghat da na Gwanja ke haɗuwa, kuma tana da tsohon tarihin karatu. Hasumiyar Gobarau na tsaye, sunayen Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, waɗanda suka rayu a ƙarnin da ya gabata, ba su gushe a bakin almajirai ba. A lokacin babu iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi da Tasawa. Gidan sarautar da ke mulkin Katsina a zamaninsa shi ne wanda jihadi ya fitar daga birnin a farkon ƙarni na 19, ya fake a Damagaram, kafin Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsa a Maraɗi. Saboda haka gadon wannan malami na Nijar ne kamar yadda yake na Najeriya.

Mafi yawan abin da aka sani game da rayuwarsa ya zo ne ta hannun Abdurrahman al-Jabarti, shahararren marubucin tarihin Masar, ɗan mutumin da ya sauke shi. An haifi Abdurrahman shekaru goma sha ɗoriya bayan rasuwar baƙon, amma ya tashi a gidan da littattafansa suke, kuma ya ba shi gurbi a cikin babban littafinsa Aja'ibul Athar, inda ya ɗauko bayanin malamansa daga jerin da shi al-Kashinawi ya rubuta da hannunsa.

Malamai huɗu aka ambata a ƙasarsa: Shehu Muhammadu ɗan Sulaimanu al-Wali, mai nasaba da Barno da Bagarmi, da Shehu Muhammadu Bindu, da Shehu Hashimu, da Shehu Muhammadu Fudu. Wajen Muhammadu Fudu ya yi kamar shekara huɗu, yana binsa a gida da kan hanya, yana karatun nahawu da sarfu da adabi. Ya haddace Maƙamat har ta kai idan aka faɗi kalma ɗaya daga ciki, sai ya kawo wadda ta gabace ta ba tare da tsayawa tunani ba. Malamin ya fara yi masa laƙabi da littafin, daga baya da ya ga yadda ya ƙware a nahawu sai ya riƙa kiransa Sibawaihi, sunan babban malamin nahawun Larabci.

A wajen Muhammadu Bindu ya sami ilimin da ya fitar da sunansa. Nan ya karanta usulu da balaga da manɗiƙi, da littattafan tauhidi na Sanusi, ya saurari Bukhari, ya karanta kashi mai yawa na Mukhtasar na Halilu. Nan kuma ya koyi hisabi, da ilimin haruffa da hatimi, da ilimin sanin lokuta bisa tsarin malaman Magrib, tare da kayan aikin da ake lissafi da auna lokaci da su.

Yana da wata ɗabi'a da ya riƙa gode wa Allah a kanta: bai taɓa karatu da littafin aro ba. Idan zai karanta littafin da ba shi da shi, sai ya zauna ya kwafe shi da hannunsa, ya bar fili mai faɗi tsakanin layuka, don ya sami inda zai rubuta sharhi da bayanin da ya ji daga bakin malami. A zamanin da takarda ke zuwa a kan raƙumi daga Tarabulus, wannan ɗabi'a tana cin dukiya da lokaci. Ita ce kuma ta tara masa littattafan da ya yi wasiyya a kansu.

Inuwa a matsayin agogo

Ilimin sanin lokuta shi ne lissafin awo na malaman wancan zamani. Ladani ba shi da agogo, amma dole ya san shigar Azahar da La'asar. Hanyar da aka saba a ƙasashenmu ita ce mutum ya tsaya a fili ya auna inuwarsa da ƙafa, ana ɗaukar tsawon mutum a matsayin ƙafarsa bakwai. Azahar na shiga idan rana ta gota tsakiya, inuwa ta fara ƙaruwa bayan ta gama raguwa. La'asar kuma na shiga idan inuwa ta kai tsawon mai ita, a kan ragowar inuwar da aka samu da tsakar rana. Wannan ragowar na sauyawa daga wata zuwa wata, don haka malamai ke haddace adadin ƙafafun kowane wata na shekarar rana.

Mai wannan awo bai zauna ya lissafa kusurwar rana da alƙalami ba. Rana da jikinsa da ƙasa su suka yi masa aikin, shi karanta amsa kawai ya yi. Kayan aikin masana taurari ma haka suke, illa dai sun fi ƙafa daidaito. Asturlabi faifan tagulla ne da aka zana taswirar sama a kansa, da wani faifan mai juyawa a samansa. Idan aka auna tsayin rana ko na wani tauraro, aka juya faifan zuwa wurin, sai a karanta sa'ar da ake ciki da lokacin fitowar alfijir. Akwai kuma rubu'i, wato kwata na da'ira mai zare da ɗan nauyi a rataye, wanda ake ninkawa da rabawa da shi ta hanyar kallon inda zaren ya faɗa. Masana tarihin kimiyya a yau na lissafa asturlabi cikin tsofaffin na'urorin lissafin awo.

Hanyar gabas

Da ya nemi izinin malaminsa, al-Kashinawi ya kama hanyar hajji ta gabas. Ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu. A ƙasar Barno ya yada zango na wata biyar wajen wani malami, inda ya ƙara ilimin asirai da na bugun ƙasa. Ya yi aikin hajji a shekara ta 1142, wato 1730, ya zauna a Makka. A daidai cikin waɗannan shekaru na 1730 ne, a yankin da ke tsakanin Katsina da Barno, Malam Yunus ke kafa gidan da ya zama sarautar Damagaram.

A Makka ya fara rubuta babban littafinsa a kan taurari da ɗalasimai, Ad-Durrul Manzum, wanda ya tsara shi da gabatarwa da manyan sassa biyar da rufewa. Bai gama shi ba sai a Masar, cikin watan Rajab na 1146, wato ƙarshen 1733. A shekara ta 1145 kuma ya kammala Bahjatul Afaƙ, littafinsa a kan haruffa da hatimi, wanda shi ne masana lissafi suka fi saninsa da shi a yau. Ya rubuta waƙe a kan manɗiƙi mai suna Manhul Ƙuddus, ya yi masa dogon sharhi, ya kuma rubuta littafin nahawu mai suna Bulugul Arab.

Abin da ke cikin hatimi

A ƙasar Hausa da an ce hatimi, hankali sai ya tafi ga laya da rubutun sha. Amma kafin komai, hatimi jadawalin lambobi ne mai doka. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida uku a tsaye da uku a kwance. Layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Ko ta ina aka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Idan aka juya shi ko aka kife shi yana ba da siffa takwas, amma asalinsa ɗaya ne.

Mai gida biyar biyar jimlar kowane layinsa 65 ce, mai bakwai 175, mai tara 369, mai goma sha ɗaya 671. Akwai ƙa'ida: a ninka yawan gidajen layi da kansa, a ƙara ɗaya, a ninka da yawan gidajen layin, a raba biyu. Wahalar ita ce sanin inda kowace lamba za ta zauna. Mai gida goma sha ɗaya yana da gurbi 121, wanda ya ce zai cika shi da gwaji da sa'a zai tsufa bai gama ba.

Aikin al-Kashinawi shi ne bayyana hanyoyin cika hatimin da yawan gidajensa mara ne, wato uku, biyar, bakwai da sauransu, ta yadda ɗalibi zai bi mataki bayan mataki ya isa. Ga ɗaya daga cikin hanyoyin da malaman da ke rubutu da Larabci suka sani, wadda mai karatu zai iya gwadawa a kan takarda. A sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. Daga nan a riƙa gangarawa a karkace, gida ɗaya ƙasa, gida ɗaya dama, ana sa lamba ta gaba. Idan aka fita ta ƙasa sai a shigo ta sama, idan aka fita ta dama sai a shigo ta hagu, kamar an naɗe takardar bakinta ya haɗu. Idan aka tarar gidan da za a shiga a cike yake, sai a tsaya a kan lambar ƙarshe, a sauka gida biyu kai tsaye, a ci gaba. Wanda ya bi wannan a kan gida uku zai fito da hatimin da aka nuna a sama. A kan gida biyar zai ga 13 ta zauna a tsakiya, layin sama kuma ya zama 11, 24, 7, 20, 3. Akwai wasu hanyoyin da ke tafiya irin tsallen doki a wasan dara na shaɗaranji.

Irin wannan jerin umarni, wanda ke ba da amsa daidai ko wane ne ya bi shi, shi ne abin da masu kwamfuta ke kira algoritim, kalmar da ta samo asali daga sunan al-Khawarizmi, malamin lissafi na Bagadaza. A cikin littafin, al-Kashinawi ya gargaɗi ɗalibai da kada su karaya idan abin ya ƙi fita, su dage da maimaitawa, ya kuma umarce su da kada su baza ilimin ga kowa.

Ilimin haruffa da ya haɗa da shi ma yana da amfani na fili. Kowane harafin Larabci yana da lamba, kuma tsarin Magrib da ya koya ya bambanta da na gabas. A gabas Gaini ne 1000, a Magrib kuwa Shinun. Wannan ne ya sa ramzin da mawallafan waƙoƙin ajami ke rufe waƙa da shi, don nuna shekarar da aka yi ta, ake yawan ganin Shinun a cikinsa. A 1967 Hassan Gwarzo ya wallafa nazari a Ibadan a kan bayanin da al-Kashinawi ya yi game da wannan fanni.

Ba a ɓoye yake ba cewa shi kansa ya ɗauki hatimi da haruffa a matsayin masu asiri, kamar yadda Ahmad al-Buni da wasu suka ɗauka gabaninsa. Malamai sun daɗe da saɓani a kan wannan. Ibn Khaldun tun a ƙarni na 14 ya soki ilimin haruffa, ya kusanta shi da sihiri, kuma har gobe ana wannan muhawara a masallatai da zaurukan Damagaram da Katsina. Sai dai duk ɓangaren da mutum ya tsaya, 4 da 9 da 2 goma sha biyar ne. Lissafin da ke ƙarƙashin hatimi yana tsaye da ƙafarsa, ana iya koyar da shi a aji ba tare da an taɓa maganar laya ba.

A gidan al-Jabarti

A Alƙahira ya fara zama a Darbul Atrak, kusa da Azhar, kafin ya koma gidan Hasan al-Jabarti. Mai gidan, wanda aka haifa a 1698 ya rasu a 1774, zuriyarsa daga gabashin Afirka suka fito. Malamin fiƙihun Hanafiyya ne, amma an fi saninsa da ilimin falaki da kayan aikinsa. Yana tara na'urorin auna taurari, yana zana agogon inuwa a kan marmara don masallatai. Duk da wannan matsayi, ya zauna gaban baƙonsa Bakatsine ya ɗauki ilimin hatimi da lissafin haruffa da lambobi. A zamanin da aka saba ganin mutanen Sudan sun je Masar neman karatu, ga wanda ya je da nasa, malaman Azhar suka karɓa.

Wani aiki da al-Jabarti ya yi bayan rasuwar baƙon nasa ya nuna raunin lissafin awo. A shekara ta 1172 ta Hijira an lura cewa sikelin ƴan kasuwar Masar sun gurɓace, awo ba ya fita daidai, haƙƙin mutane na salwanta. Sai ya tara maƙera da masu awo, ya gyara ma'aunan, ya sake zana alamominsu, ya rubuta littafi a kan ilimin sikeli. Na'urar awo takan goce a hankali ba tare da mai ita ya sani ba, dole a riƙa komawa ana daidaita ta.

Yadda aka bar awo, da yadda ake komawa

Lissafin awo ya daɗe yana aiki bayan zamaninsu. A farkon shekarun 1870 Lord Kelvin na Birtaniya ya ƙera na'ura mai igiya da ƙafafun juyi da ke hasashen cikar teku da janyewarsa. A 1931 Vannevar Bush ya kammala wata babbar na'ura mai sanduna da fayafai a jami'ar MIT ta Amurka. A 1949 Bill Phillips ya ƙera wata a London da ke nuna zagayawar kuɗi a tattalin arziki da ruwa mai bin bututu. Har na'urar Perceptron ta Frank Rosenblatt, ta ƙarshen shekarun 1950, wadda ake ɗauka kakar ƙirƙirarriyar basirar yau, da maɓallan murɗawa na lantarki take ajiye abin da ta koya. Daga baya kwamfutar ƙidaya ta yi arha, ta yi sauri, ba ta gocewa, sai ta ture su duka.

Abin da ya dawo da maganar shi ne wuta. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ƙiyasta cewa cibiyoyin ajiye bayanai sun sha wutar da ta kai terawat awa 415 a 2024, kusan kashi 1.5 cikin ɗari na wutar duniya, kuma tana hasashen adadin zai haura ninki biyu kafin 2030. Wannan ya ninka abin da Nijar baki ɗaya ke sha a shekara fiye da sau ɗari. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kuwa da kusan wat 20 take aiki, ƙarfin ƙwan fitila ɗaya.

Mafi yawan aikin ƙirƙirarriyar basira ninkawa ne da tarawa a kan manyan jadawalin lambobi. A kwamfutar ƙidaya, sai an ɗauko kowace lamba daga ma'ajiya, a kai ta inda ake lissafi, a mayar da ita, sau biliyoyi. Wannan kai da kawowa shi ke cinye mafi yawan wutar. Dabarar da ake gwadawa yanzu ita ce a shimfiɗa ƙananan wayoyi a kwance da a tsaye, kamar gidajen hatimi, a kowace mahaɗa a sa wani ɗan ƙwaya da ke barin wuta ta wuce da yawa ko kaɗan. Yawan abin da yake bari ya wuce shi ne lambar da ya riƙe. Idan aka saki wuta ta layukan kwance, abin da ya ratsa kowane gida shi ne ninkawar, kuma duk abin da ya gangaro layin tsaye yana haɗuwa da kansa ya zama jimla. Mai lambu a Mirya ya san misalinsa: ruwa na bin magudana, kowane fangali yana da ƙofa mai faɗi ko matsattsiya, abin da ya taru a ƙarshe shi ne amsa, ba wanda ya ƙirga ɗigo.

A watan Agustan 2023 masu bincike na kamfanin IBM sun wallafa a mujallar Nature sakamakon wani guntun na'ura irin wannan, mai ƙwayoyin ajiya miliyan 35, da suka gwada wajen gane maganar mutum, suka nuna yana iya rage shan wuta sosai. Wasu kamfanoni irin su Mythic na kan wannan hanya. Har yanzu dai abin bai maye gurbin kwamfutar ƙidaya ba, kuma matsalarsa ita ce ta sikelin Alƙahira: zafi da daɗewa na sa ƙwayoyin su goce, amsa ta ɗan kauce. Abin da ya ba injiniyoyi ƙwarin gwiwa shi ne, gane murya ko hoto ba ya buƙatar daidaito irin na lissafin banki, awon tiya ya wadatar.

Ga mutanen Damagaram da Maraɗi, waɗanda wutarsu ke zuwa ta layin Katsina, suka kuma ɗanɗani abin da ya biyo bayan katse ta a Agustan 2023, wannan ba labarin nesa ba ne. Na'urar da ke shan wutar gari guda ba za ta zauna a asibitin karkara ba. Wadda za ta iya aiki da ƙaramin faifan hasken rana ita ce za ta iso.

Gadon da ya bari

Al-Kashinawi bai ƙirƙiri kwamfuta ba, kuma bai kamata a ɗora masa abin da bai yi ba. Hatimi lissafin ƙidaya ne, kamarsa da sabbin na'urorin nan a siffa take: jadawali ne da ake tara layukansa. Abin da ya yi ya ishe shi. Ya koyi awo da ƙidaya a hannun malaman ƙasarsa, ya kai su Makka da Masar, ya rubuta hanyoyin aiki dalla dalla yadda wani zai iya bi bayan ransa.

An buga Ad-Durrul Manzum a Masar a ƙarni na 20. Kwafin rubutunsa a kan hatimi yana ɗakin karatu na makarantar SOAS a London, kuma daga nan ne Claudia Zaslavsky, wata malamar lissafi Ba'amurkiya, ta gabatar da shi ga masu karatu na duniya a littafinta Africa Counts na 1973. Ɗalibai a Amurka da Turai sun ci karo da sunansa ta wannan hanya, alhali yara da yawa a Katsina da Damagaram sun gama makaranta ba su taɓa jin sa ba.

Littattafansa sun tsira ne domin ya kwafe su da hannunsa, ya kuma damƙa su ga wanda ya san darajarsu. A Yamai, sashen rubuce rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni yana riƙe da dubban takardu, tarin da Boubou Hama ya fara. Wasu da yawa na nan cikin gafaka da adaka a gidajen malamai na unguwar Birni da Zango, inda gara da ɗigon damina ke binsu. A cikinsu akwai jadawalin ƙafafun inuwa, da lissafin gado, da hatimai da aka zana da tawada ja da baƙa. Muhammadu Bindu, wanda ya koya wa al-Kashinawi duk wannan, da ba a san ko sunansa ba in da almajirinsa bai rubuta shi ba.

Allah ya jiƙan Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, ya kai haske kabarinsa.